Injin ƙirga kuɗi: Abin da ɗan kasuwa zai duba kafin ya saya

Duk wanda ya san Bonkuku, a kan hanyar Balleyara zuwa Filinge, ya san garin dankalin turawa ne. Idan kakarsa ta zo, kuɗi na yawo hannu da hannu, ƙirga kuwa da yatsa ne da yawu. Takardar jika goma guda ta ɓace a lissafi, ko ta jabu ta shige cikin dami, ribar yini ta tafi. Shi ya sa injin ƙirga kuɗi ya cancanci a san shi.

Aikinsa ba tsafi ba ne. A cikinsa akwai ƙaramar fitila mai hasken da ido ba ya gani, da wani ido na lantarki da ke fuskantarta. Kowace takarda ta gifta sai ta tare hasken, injin ya ƙirga ɗaya. Da irin wannan dabara masana ke ƙirga walƙiyar hasken lesa, wanda aka fara ƙerawa a Amurka a 1960, sai dai nasu na ƙirga miliyoyi a daƙiƙa guda. Na shago yakan ƙirga takarda wajen 1,000 a minti.

To, kada sauri ya ruɗe ku. Da farko ku tambaya: takardu kawai yake ƙirgawa, ko har darajarsu yake tarawa? Mai araha bai san bambancin jika da jika biyar ba, sai kun ware masa.

Na biyu, a gwada shi da sefa, domin wani an saita shi ne don dalar Amurka ko naira. Ku je da tsofaffin takardunku masu laushi, ku ƙirga dami ɗaya sau uku. In lissafi ya saɓa, ku bar shi.

Na uku, ya kasance yana da fitilar gane jabu, amma hannu da ido su ci gaba da aikinsu.

Sai batun wuta da ƙura. Wanda ke da batir ya fi dacewa da rumfar kasuwa. Ƙurar hunturu kuwa ita ce babbar maƙiyiyarsa, tana toshe idon ya shiga ƙarya. A riƙa share shi, a rufe da ƙyalle.

Araha dai ba ta ado. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.