YAƘI A KAN TEBUR: ILMIN DA KE CIKIN WASAN 'YAN SOJOJI

Gabatarwa

A kowace shekara, dubban mutane sukan hallara a wani katafaren zaure da ake kira ExCeL a birnin Landan domin taron yini guda mai suna Salute. Abin da baƙo zai fara gani shi ne tebura jere reras, an shimfiɗa wa kowanne ƙyalle kore, an ɗora masa 'yan tsaunuka da itatuwa da koguna da gidaje na kwali da roba. A tsakankaninsu kuma ga ɗaruruwan 'yan mutum-mutumin sojoji waɗanda tsawonsu bai kai na ɗan yatsa ba. Manyan mutane, wasu har da furfura, sun duƙa a kansu, kowa da abin awo irin na tela a hannu. Mai kallo zai ɗauka wasan yara ne ya bi su har girma. Amma wanda ya tsaya ya lura zai tarar cewa abin da suke yi ɗan'uwan aikin masana kimiyya ne, watau ƙera ƙaramin samfuri na wani babban al'amari domin a fahimci yadda yake gudana.

Asalin Wasan

Tushen wasan yana daular Furushiya, wadda Balin ce babban birninta. A shekarar 1824 wani matashin hafsan soja, Georg von Reisswitz, ya kyautata wani wasa da mahaifinsa ya ƙago, ya buga dokokinsa. Ana yin sa a kan taswira, da 'yan guntayen ƙarfe ja da shuɗi a madadin rundunoni, ga kuma alƙalin wasa mai yanke hukunci. Sojojin Furushiya suka karɓe shi don horar da hafsoshi. Da suka ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai sauran ƙasashe suka shiga kwaikwayonsu.

Wanda ya fito da wasan daga bariki zuwa ɗakunan jama'a kuwa masanin ilmin halittu ne. H. G. Wells, shahararren marubucin nan na Ingila, ya yi karatu a hannun T. H. Huxley, ya sami digiri a ilmin dabbobi a 1890, har ya wallafa littafin koyar da ilmin halittu kafin ya yi suna a ƙagaggun labarai. A 1913 ya fitar da littafin Little Wars. A tsarinsa, akan jera sojojin dalma a ƙasa, a harbe su da 'yar igwar wasa mai tofo guntun itace. Wanda ya faɗi ya fita.

Tarurruka irin na yau sun kankama ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1968 Gary Gygax ya shirya taron Gen Con a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin a Amurka, mahalarta ba su wuce kimanin 100 ba. Taron ya koma Indianapolis a 2003, ya kuma haɗa wasanni iri-iri, har a 2023 ya tara mutum fiye da 70,000. Akwai kuma Historicon a Amurka, wanda ya fi karkata ga yaƙe-yaƙen tarihi. A 1983 kamfanin Games Workshop ya fito da Warhammer, wasan da dodanni da mayaƙan almara su ma suke da gurbi a kan tebur.

Yadda Taron Yake Gudana

Wasannin taro iri uku ne. Akwai na nuni, inda wata ƙungiya takan share watanni tana fenti da gini domin ta sake kafa wani fagen fama, kamar na Waterloo na 1815. Akwai na shigo-a-yi-da-kai, inda mai tebur yakan koya wa baƙo dokoki cikin 'yan mintoci ya ba shi runduna. Sai kuma gasa, wadda kowa yakan zo da tasa rundunar. A gefe guda ga 'yan kasuwa da gasar gwanintar fenti. A da dalma ce ake narkawa a zuba 'yan sojojin, amma saboda gubarta, a shekarun 1990 kamfanoni da dama suka koma ga haɗin kuza marar dalma, da kuma roba.

Bi da bi ake wasan. Ɗan wasa yakan auna tazarar da doka ta yarda dakarunsa su yi, mahaya dawaki su ninka ta ko fiye. Idan an zo harbi sai a jefa dayis, watau 'yar ƙwayar nan mai fuska shida ta wasan ludo. Ba a sa kuɗi. Aikin dayis kawai shi ne ya tsaya a madadin abin da kwamanda ba shi da iko a kansa.

Ma'auni da Sa'a

Darasi na farko shi ne na ma'auni. Ɗan sojan da aka fi amfani da shi tsawonsa milimita 28 ne, watau kimanin kashi 1 cikin 60 na tsawon mutum. To, in da za a bi wannan ma'auni sau da ƙafa, bindigar da ke cin mita 300 za ta ci mita 5 ke nan a wasa, alhali tebur ɗin da aka saba bai wuce ƙafa 6 ba, ƙasa da mita 2. Dole mai tsara doka ya rage nisan harbi, ko ya ce ɗan soja ɗaya yana wakiltar mutum 20. Ashe kowane samfuri sai ya sadaukar da wani ɓangare na gaskiya kafin ya yi amfani. Haka abin yake ga zanen ƙwayar halitta da ke kan allon aji.

Na biyu shi ne lissafin yiwuwa. Idan aka jefa dayis biyu, hanyoyi 36 ne za su iya faɗuwa. Shida daga ciki suna ba da jimillar 7, amma hanya ɗaya tak ce ke ba da 12. Saboda haka gogaggen ɗan wasa ba ya jingina nasararsa a kan 12. Haka kuma ya san cewa jifa ɗaya ba ta da tabbas, amma in aka jefa dayis 60 ana neman 4 ko 5 ko 6, abin da za a samu ba zai cika yin nisa da 30 ba. Wannan ƙa'ida ce ta sa mai binciken iri ba ya yanke hukunci da tsiro uku. Sai ya shuka ɗaruruwa.

Daga Tebur Zuwa Gidan Tururuwa

Darasi na uku ya fi zurfi. A 1916 wani injiniya ɗan Ingila, Frederick Lanchester, ya nuna ta hanyar lissafi cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma bisa sharaɗi. Idan fili a buɗe yake, kowa yana iya kai wa kowa hari, to ƙarfin runduna ba adadinta ba ne, adadin ne a ninka shi da kansa. Alal misali, mayaƙa 50 sun gamu da 30 masu ƙarfi daidai da nasu. Hankali zai ce 20 ne za su rage. Lissafin Lanchester kuwa ya ce a ɗebe 900 daga 2,500, saura 1,600, wanda shi ne 40 sau 40. Watau 40 ne za su tsira, domin tun daga farko kowane ɗaya daga cikin marasa yawan yana shan hari daga fiye da mutum guda. Amma idan a kan gada ce ko a ƙuƙumin hanya, inda sai ɗaya da ɗaya za a kara, wannan riba ta yawa takan rushe, ƙarfin kowane mayaƙi ya dawo da darajarsa. Duk ɗan wasan da ya taɓa tsare gada da 'yan sojoji kaɗan ya san haka, ko bai taɓa jin sunan Lanchester ba.

A 1993 masana biyu, Nigel Franks da Lucas Partridge, suka ɗauki wannan lissafi suka auna shi a kan tururuwa. Sun kawo shawarar cewa shi ne zai iya bayyana dalilin da ya sa dangin kwarkwasa, masu fita farauta a fili, suke tara mayaƙa ƙanana masu ɗimbin yawa maimakon manya 'yan kaɗan. A 2023 kuma wasu masana a Ostareliya suka haɗa wata babbar tururuwa ta ƙasarsu da wata ƙarama baƙuwa, 'yar asalin Ajantina. Sun gano cewa manyan sun fi taɓukawa a wuri mai lunguna da shingaye, ƙananan kuwa yawansu ya fi yi musu rana a fili fetal. Wannan yana nuna cewa share daji yana iya buɗe wa baƙin ƙwari masu ɓarna ƙofa.

Gwaji Domin Aji

Malami zai iya jarraba wannan ba tare da kashe ko sisi ba. A ba wani ɗalibi marafan kwalba 10, wani kuma 6. A kowane zagaye, kowa ya jefa dayis sau ɗaya a madadin kowane marfi da ya rage masa. Duk 6 da ta fito, abokin karawa ya rasa marfi guda, a cire na ɓangarorin biyu a lokaci ɗaya. A ci gaba har ɗaya ya ƙare. A maimaita sau 20, a rubuta sakamako, a fitar da matsakaici. Sannan ɗalibai su duba ko ragowar mai 10 ta fi kusa da 4 ko da 8. Daga nan a sake gwajin da sharaɗin marfi ɗaya ne kawai daga kowane ɓangare zai yi jifa a zagaye, a kwatanta.

Kammalawa

Akwai abin da tebur ba ya iya ɗauka. Ɗan sojan roba ba ya jin yunwa, ba ya barin marayu, kuma da yamma akan mayar da shi akwati lafiya lau. Wells ya san da wannan. A ƙarshen littafinsa ya yi fatan cewa duk wanda ya ga irin ruɗanin da ke aukuwa a ƙaramin yaƙi zai gane wautar babba. Shekara guda bayan haka, a 1914, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ya ci rayukan sojoji fiye da miliyan 8. Don haka ɗalibin kimiyya, duk sa'ad da aka ɗora masa samfuri a gaba, na wasa ne ko na ɗakin gwaji, tambayoyi biyu ne ya kamata ya yi: me aka sa a ciki, me kuma aka bari a waje?