Aikin Da Kyarkeci Ya Bari: Masu Kula Da Barewa A Dazuzzukan Sikotlan

A ƙasar Sikotlan, wadda ke arewacin Birtaniya, gwamnati kan ɗauki mutum aiki, ta yanka masa albashi, ta ba shi mota da bindiga, ta tura shi dajinta ya riƙa harbin barewa. Sunan da ke kan takardar aikinsa shi ne jami'in kula da namun daji. Hukumar da ke riƙe da dazuzzukan gwamnati a can, wato Forestry and Land Scotland, takan kashe barewa fiye da 30,000 a kowace shekara ta hannun irin waɗannan jami'ai da kuma 'yan kwangilar da take ɗauka. Duk lokacin da na kawo wannan zance a aji, ɗalibai kan zaci na yi suɓul da baka, domin a saninmu ma'aikacin gandun daji shi ne mai kama maharbi da ƙwace bindiga. Yaya mai gadi zai koma mai kisa, kuma da iznin hukuma? Amsar wannan tambaya tana ɗauke da darasi ga duk wanda ya damu da makomar itatuwa, shi ya sa na ga ya dace mu tsaya a kanta.

Da farko ya kamata mai karatu ya san dabbar da ake magana a kanta. Barewar Turai ba irin tamu ba ce, aron suna kawai muka yi mata. Tamu ƙahonta ɗaya ne har ta mutu. Tasu kuwa namiji ne ke da ƙaho, mai rassa kamar itace, yana zubar da shi duk shekara wani ya tsiro. Iri huɗu ake samu a dajin Sikotlan. Biyu 'yan asalin ƙasar ne: jar barewa, wadda namijinta kan wuce kilo 100, da wata 'yar ƙarama mai son kurmi, wadda ta saba haihuwar tagwaye. Sauran biyun baƙi ne da mutane suka shigo da su, ciki har da sika, wadda aka kawo daga gabashin Asiya a ƙarni na 19, ta ƙwace daga gandayen masu kuɗi ta bazu, har tana barbara da jar barewa. A kiyasin da hukumomin ƙasar ke amfani da shi, adadinsu duka ya kai wajen miliyan ɗaya, ninki biyu na abin da ake da shi a 1990.

Yadda aka kai ga haka

Wannan yawa yana da tarihi. A zamanin da, akwai masu cin barewa a dajin: kyarkeci da wata babbar kyanwar daji. Kyanwar ta ɓace fiye da shekara dubu da suka wuce. Kyarkeci kuma aka bi shi da farauta saboda ɓarnar da yake wa tumaki, har aka ƙarar da shi tsakanin ƙarshen ƙarni na 17 da tsakiyar na 18. Tun daga nan babu wata dabba da babbar barewa ke tsoro a faɗin ƙasar.

Bayan haka sai mutane suka ƙara nasu. A ƙarni na 18 da na 19 masu mallakar ƙasa a yankin tsaunuka sun tashi talakawa daga ƙauyukansu domin su sami filin kiwon tumaki. Da ribar tumaki ta ja baya, aka mayar da filaye da yawa dandalin farautar nishaɗi. Sarauniya Biktoriya da mijinta sun sayi gandun Balmoral a 1852, attajirai suka bi sahu, harbin namijin barewa mai manyan ƙahoni ya zama alamar isa. Darajar gandu a kasuwa ta koma kan yawan mazan da ake iya harbewa cikinsa a shekara. Wanda arzikinsa ya rataya ga yawan barewa kuwa ba zai so a rage matan da ke haifarta ba. Dokar ƙasar ma ta taimaka wajen cakuɗa lamarin: barewa mai rai ba mallakin kowa ba ce, amma ikon harbinta yana hannun mai filin da take tsaye a kai. Ita kuma ba ta san iyaka ba. Ta kwana a gandun attajiri, ta yi kalaci a dajin gwamnati.

Abin da take ci shi ne matsalar. Barewa na son ɗanyen toho. Takan cinye kan ƙaramin itace tun bai kai gwiwa ba, ta ɓare ɓawon wanda ya tasa, ta tattake ƙasa mai laushi da kofato. Inda ta yi yawa za ka ga manyan itatuwa masu shekaru ɗari biyu ko uku suna zubar da iri kowace shekara, amma ko ɗaya ba ya girma a ƙarƙashinsu. Daji ne mai kama da garin da babu yara: yana nan a tsaye, amma ranar da tsofaffin suka faɗi zance ya ƙare. A farkon ƙarni na 20 kusan kashi 5 cikin ɗari na ƙasar Sikotlan ne kawai ke da daji. An kafa hukumar gandun daji ta Birtaniya a 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tona asirin ƙarancin katako, kuma shekara ɗari na dashe sun kai adadin kusan kashi 19. Dukiyar da aka tara da wannan wahala ita ce jami'in ke tsaro.

Yadda aikin yake

Harbi shi ne abin da aka fi gani, amma ƙidaya ce tushen aikin. Kafin jami'i ya ɗora harsashi, sai an san yawan dabbobin da ke yankinsa. A kan tsaunuka, inda fili yake a buɗe, ana ƙirga su daga jirgi mai saukar ungulu ko da ƙafa. A cikin kurmi, inda ba a ganinsu, ana auna wasu 'yan filaye a ƙirga tulin kashinsu, a lissafa yawansu daga nan. Yanzu an ƙara da jirage marasa matuƙi masu kyamarar da ke gane ɗumin jiki. Sannan a duba ƙananan itatuwa ɗaya bayan ɗaya, a rubuta nawa aka ci kansu. Masana sukan ce idan ana son daji ya farfaɗo da kansa ba tare da shinge ba, sai barewa ta sauko wajen 5 ko ƙasa da haka a kowace murabba'in kilomita. Daga wannan lissafi ake yanke adadin da za a rage a shekara, maza nawa, mata nawa.

Matan su ne mabuɗin lissafin. Namiji ɗaya kan wadatar da mata da yawa, saboda haka ko an harbe rabin maza, haihuwar baɗi ba za ta ragu sosai ba. Lokacin da doka ta buɗe na harbin matan jar barewa kuwa daga 21 ga Oktoba ne zuwa 15 ga Fabrairu, domin a kauce wa watannin haihuwa da shayarwa. Wato mafi nauyin aikin ya faɗo a tsakiyar hunturu, lokacin da hasken rana a arewacin ƙasar ba ya kai awa 7 a watan Disamba, ga ruwa, ga dusar ƙanƙara, ga iska.

Jami'i kan fita tun da asuba ko gab da faɗuwar rana, domin a lokacin ne barewa ke fitowa kiwo. Sau da yawa shi kaɗai ne, sai karensa. Yakan bi ta inda iska ba za ta kai mata warinsa ba, ya yi rarrafe cikin taɓo idan ta kama. In ya samu dabba a saiti, akwai sharuɗɗa kafin ya ja kunama. Dole ya tabbata akwai tudu ko ƙasa a bayanta da za ta tare harsashi, domin dajin na jama'a ne, kuma dokar Sikotlan ta ba kowa damar yawo a cikinsa, da masu keke da masu zagayawa da karnukansu. Dole ya auna inda za ta mutu nan take. In uwa ce da ɗanta, ƙa'ida ita ce kada a bar ɗan maraya ya mutu da yunwa. In aka yi rashin sa'a ta gudu da rauni, aikin kare ne ya bi jini har a same ta a ƙarasa.

Bayan harbi sai fiɗa. Yakan cire kayan ciki a nan daji, ya duba su ko akwai alamar cuta, ya ja gawar zuwa inda mota ke iya kaiwa, wani lokaci tafiya mai nisa a kan gangare. A ɗakin sanyi ana rataye ta, a auna nauyinta, a maƙala mata lamba, a rubuta jinsinta da wurin da ranar da aka harbe ta. Naman yana shiga kasuwa, kuma da wannan lamba ana iya bin sawunsa daga kanti har zuwa dajin da ya fito. Ba a ba mutum wannan aiki sai ya ci jarrabawar sanin dabbobin da dokokinsu da iya saiti da tsabtar nama.

Masu adawa da hujjojinsu

Ba kowa ne ya yarda da wannan tsari ba, kuma masu ƙi suna da abin faɗa. Masu kare haƙƙin dabbobi suna ganin zalunci ne a hukunta dabba kan laifin da mutum ya jawo. Maharban da ke aiki a gandayen attajirai suna tsoron in barewa ta ragu, baƙin da ke biyan kuɗin farauta za su ragu, aikin yi ya ƙare a ƙauyukan da ba su da wata sana'a. Ƙungiyarsu ta sha sukar iznin da ake bayarwa na harbin mata a wajen lokaci, tana cewa ana barin 'ya'ya marayu. Gardamar ta ƙara zafi bayan wani kwamiti da gwamnati ta naɗa ya fitar da rahoto a farkon 2020 mai shawarwari 99, kuma a ƙarshen 2023 aka soke lokacin hani ga mazan barewa, aka halatta amfani da na'urar hangen dare bisa izni.

An gwada wasu hanyoyin. Shinge mai tsawon kusan mita biyu yana hana barewa shiga, sai dai yana da tsada, yana lalacewa, tsuntsayen daji kan yi karo da shi su mutu, kuma duk abin da yake yi shi ne tura yunwar zuwa filin maƙwabci. Allurar hana haihuwa ba ta yiwuwa ga dabbobi miliyan da ke warwatse a tsaunuka. Masu kiran a dawo da kyarkeci ko kyanwar daji kuwa har yanzu ba su shawo kan makiyayan tumaki ba.

Abin da ya rinjayar da ni shi ne abin da ƙasa ta nuna. A Creag Meagaidh, wani yanki da hukumar kare muhalli ta saya a tsakiyar shekarun 1980, an rage barewa ba tare da dogaro da shinge ba, itatuwa suka riƙa hawa gangaren da ya daɗe a tsirara. A kwarin Glenfeshie an yi gagarumin ragi a 2004, maharban gandaye suka yi zanga-zanga, aka yi ta Allah wadai. Yau ƙananan itatuwa sun rufe ƙarƙashin tsofaffin, ba tare da an dasa yawancinsu ba. Gani ya kori ji. Al'ummar da ta kawar da kyarkeci ta gaji aikinsa, ko ta so ko ta ƙi. In ta ƙi yi da bindiga bisa lissafi, yunwar hunturu za ta yi mata, bayan daji ya riga ya tafi.

Inda zancen ya shafe mu

Halinmu kishiyar nasu ne. Gwanki da kanki da mazo sun ƙaranta, jami'anmu a wurare irin su Yankari, wadda aka keɓe tun 1956, aikinsu hana harbi ne, kuma akwai waɗanda suka rasa rayukansu a hannun maharban sata. Saboda haka kada wani ya ɗauki wannan rubutu a matsayin lasisin farauta. Abin da ya haɗa mu da su bakin dabba ne a kan toho. Kowace damina ana bikin dashen itatuwa, manya su dasa, a ɗauki hoto, kafin rani ya tsaya awaki sun gama da su. Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna ɗaya fuskar: tun daga shekarun 1980 suka riƙa kare tohon da ke fitowa daga kututture a gonakinsu, har aka kiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5. Itace na iya dawo da kansa idan aka tsare shi a shekarunsa na farko.

Don haka shawarata ga ma'aikatun muhalli na jihohinmu ita ce su daina auna nasara da yawan abin da aka dasa, su koma ƙirga abin da ya rayu bayan shekara uku. Su ware kuɗin tsaro tare da kuɗin dashe a kasafi ɗaya, su zauna da makiyaya da masu unguwanni a yi yarjejeniyar inda za a keɓe da tsawon lokacin keɓewar. Su kuma horar da ma'aikacin daji ya iya ƙidaya da rubuta abin da ya gani, a biya shi a kan kari. Ga ɗalibanmu masu karatun gandun daji da namun daji, waɗanda da yawansu ke jin kamar rashin samun wani kwas ne ya kai su can, ina cewa aikin da ke gabansu na masu ilimi ne, kuma dazuzzukanmu na jiran wanda zai fara ƙirga abin da ya rage a cikinsu.