Gyaran famfo da hannunmu: ina namu yake, ina na magyari?

Duk wanda ya zauna a Damagaram ya san ruwa ba abin wasa ba ne. Birnin Zinder bisa dutse yake zaune, shi ya sa ake jawo masa ruwa daga nesa, daga Gogo-Machaya da Arunguza. Amma sai ka shiga gidan mai tuwon sayarwa ko mai fura, ka tarar da famfo yana ɗiga dare da rana, an ɗaure masa wuya da tsumma, wai ana jiran mai gyara ya samu sarari.

Uwargida, wannan aikin bai fi ƙarfinki ba. Da farko ki rufe dukkan famfunan gida da dare, ki rubuta lambar da ke kan kwantar, da asuba ki sake dubawa. In ta motsa, akwai inda ruwa ke zurarewa. Ki tuna, mita kib ɗaya lita 1000 ce, wato bido 40 masu cin lita 25. Yawanci laifin wata ƴar roba ce da ke cikin kan famfon, wadda ta cinye. A rufe makullin ruwa na bayan kwantar, a kwance kan da sifana, a ɗauki tsohuwar robar a je da ita kanti don kada a sayo wadda ba girmanta ba. Wajen maidawa a naɗa farin zaren teflon a bakin, a ɗaure sannu. Ƙarfin tsiya shi ke fasa famfo. Ɗaurin robar tayar moto a kan tiyo da ya tsage kuwa, na kwana biyu ne, ba na shekara ba.

Sai dai akwai iyaka. Daga kwantar zuwa cikin gida naki ne. Kwantar kanta da tiyon da ya fito daga titi na kamfani ne, wato NDE, wanda ya gaji SEEN a 2024. Taɓa su jawo wa kai tara ne.

A karkara ma iyakar tana nan, sai dai a bakin rijiya take. Mu ɗauki ƙauyukan Dakusa, cikin gundumar Takeita, inda jama'a da dama suka dogara ga rijiya da famfon tuka-tuka. Famfon Vergnet, na Faransa, wanda ake takawa da ƙafa, an ƙera shi ne yadda yawancin kayan da ke saurin cinyewa suke a sama, ƙarƙashin matakin. Wanda aka koya wa sau ɗaya zai iya sauya su. India Mark II mai hannu ba haka yake ba. Shafa wa sarƙarsa giris da ɗaure notocin da suka saki, wannan na kowa ne. Amma silindarsa tana can ƙasa, rataye da tiyo na ƙarfe masu nauyi, kowane mita 3. In samari suka ce za su jawo su ba kayan aiki, suka suɓuce cikin rijiyar, gari guda ya shiga uku. Ranar kasuwa masu abinci su ne farkon kuka, don kuɗin ga-ruwa daga ribarsu zai fita.

A ganinmu, kuɗin da ake karɓa a bakin famfo ya kamata a ware wani abu a ciki, a sayi roba da giris a ajiye tun famfon yana lafiya, kuma a sa mata cikin waɗanda ake koya wa gyaran sama. Su ke fara jin ƙarar ta sauya.

Masu lambu, kada a tada injin ban-ruwa sai an cika cikinsa da ruwa. In ya yi gudu a bushe, robar da ke hana shi yoyo ƙonewa take. Masu kabu-kabu da ke kai mu kasuwa kuma, wanke buji, kakkaɓe matatar iska lokacin hunturu da shafa wa sarƙa mai, duk ana yi a ƙofar gida. Birki kam a kai wa bakanike.