Yadda Adaidaita Sahu Ta Zama Motar Makaranta a Kano

Da misalin ƙarfe bakwai na safe, duk wanda ya tsaya a bakin titin Zariya ko titin Gidan Zoo a Kano zai ga Adaidaita Sahu na wucewa maƙare da 'yan makaranta: biyar ko shida a kujerar baya, ƙanana a kan cinyar manya, ɗaya ko biyu a gefen direba, ga jakunkuna da kulolin abinci an cusa a bayan kujera. Kujerar nan kuwa ta mutum uku ce.

Babu wanda ya zauna ya tsara haka. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ce ta shigo da baburan masu ƙafa uku don mata su daina hawa acaɓa, kuma daga shirinta na gyaran tarbiyya, A Daidaita Sahu, suka samo suna. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birni. Dubban matasa suka koma tuƙin sahu, fasinjoji suka bi su.

A daidai wannan lokaci makarantun kuɗi suka yi ta yawaita, galibinsu kuma ba su da motar ɗaukar ɗalibai. Yaron da a da zai taka zuwa firamaren unguwarsu, yanzu sai an tsallaka da shi manyan tituna. Sai iyaye suka koma yin jinga da ɗan sahu, ya kai ya ɗauko, a biya shi a ƙarshen wata, kowane yaro da kuɗinsa. A nan gizo ke saƙar. Direban yana da balas ɗin da zai kai wa mai babur kullum, don haka duk yaron da ya ƙara riba ce. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Magidanta da yawa suka jingine motocinsu, direba kuma ya ƙara lodi don kada ya ƙara kuɗi. Iyayen ma ba su yi musu ba, tunda lodin ne ke sauƙaƙa musu farashi.

Gaskiya ɗaya ce, sahu ta fi acaɓa. Wanda ya taɓa ganin uba ya ɗora yara huɗu a babur, ƙaramin a kan tanki yana gyangyaɗi, ya san an samu ci gaba. Kano ce fa inda a 2009, da aka tilasta sa hular kwano, wasu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a ka.

Sai dai sahu ba ta da ƙofa, ba ta da bel, jikinta kuma langa-langa ne. Tayarta ta gaba guda ce tak, shi ya sa idan aka sha kwana da gudu, ga nauyi ya rinjaya gefe guda, sai ta kife. Lissafin karo kuma ba ya sassauta wa kowa: a yi karo da abu ana gudun kilomita 30 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin mita uku da rabi, a gudun kilomita 50 kuwa kusan mita goma. Hannun yayar da ta rungume ƙaninta a cinya ba zai riƙe shi ba. Wanda ke gefen direba ya fi kowa shiga haɗari, domin rabin jikinsa a waje yake, kuma shi ke tokare hannun mai tuƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Doka ba ta bi sawun wannan sauyi ba. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel a 2003, tana kuma gargaɗin kada a zaunar da ƙaramin yaro a gaban mota. Wannan duk zancen mai mota ne, alhali yawancin yaran birnin ba a mota ake kai su ba. Ita kuwa hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, KAROTA, rikicinta mafi zafi da 'yan sahu, wanda ya kai ga yajin aikin Janairun 2022, a kan kuɗin sabunta takardu aka yi shi. A watan Yulin 2022 gwamnati ta hana zirga-zirgar sahu daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe saboda tsaro. Lodin 'yan makaranta kuwa da ƙarfe bakwai yake farawa, a kuma sake shi da rana tsaka idan an tashi, a gaban jami'an da ke ba da hannu a kowace mahaɗa.