TRAPPIST-1: Yadda Dushewar Haske Ta Tona Asirin Duniyoyi Bakwai

Har yau babu wanda ya taɓa ɗaukar hoton duniyoyi bakwai da ke kewaya tauraron TRAPPIST-1. Amma masana sun san girman kowacce, da nauyinta, da tsawon shekararta. Duk daga hasken tauraron suka karanto hakan.

Ga yadda abin yake. Idan duniya ta gitta gaban tauraronta, haskensa yakan ɗan dushe, kamar ƙwaro ya wuce gaban fitilar mota da ke can nesa. Na'urar ɗaukar haske, 'yar uwar wadda ke cikin kyamarar waya, ita ke auna raguwar, wadda a nan ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Yawan dushewar shi ke nuna girman duniyar, lokacin da take ɗauka kafin ta sake gittawa kuma shi ne shekararta. Nauyi kuwa ana gano shi ne daga yadda duniyoyin ke jan juna, wata ta makara, wata ta yi sammako.

Da wannan dabara Michaël Gillon na Jami'ar Liège da ke Beljiyam da abokan aikinsa suka fara gano duniyoyin a 2016, da madubin hangen nesa da ke ƙasar Chile. A Fabrairun 2017, da taimakon madubin Spitzer na hukumar NASA, aka sanar da cewa bakwai ne, dukkansu masu duwatsu kuma kusan girman tamu. Sai haske ya yi tafiyar kimanin shekara 40 kafin ya iso nan daga can.

Tauraron ƙarami ne, bai kai rana zafi ba, kuma duniyoyin suna kusa da shi sosai. Ta kusa tana gama zagaye a kwana ɗaya da rabi, ta nesa a kusan kwana 19. Uku daga ciki suna yankin da ruwa zai iya zama ruwa, bai daskare ba, bai ƙafe ba.

Sai dai zama a yankin ba shi ne samun rai ba. Irin wannan tauraro yakan yi aman wuta da ka iya share iskar da ta lulluɓe duniya, kuma in babu iska, ruwa ba ya zama. Ana kuma kyautata zaton kowacce fuska ɗaya take nuna wa tauraron, gefe guda rana ba faɗuwa, ɗayan dare ba wayewa.

A 2023 madubin James Webb ya auna zafin ta kusa, TRAPPIST-1b, ya samu kusan digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, alamar da wuya tana da iska mai kauri. Yanzu ido ya koma kan TRAPPIST-1e. Idan ta riƙe iskarta, fata zai ƙaru ga duniyoyin da ke kewaya irin waɗannan ƙananan taurari, waɗanda su suka fi yawa a rukunin taurarinmu.