A Cika Waya a Birni, a Saurara a Ƙauye: Bayani a Kan Fodkas

A ziyarce-ziyarcen da ma'aikatanmu suke kai wa ikilisiyoyi a yankunan Rano, Sumaila da Tudun Wada, akwai tambayar da take yawan tasowa, musamman daga matasa da shugabannin zumuntar mata. Suna cewa sun ji labarin akwai shirye-shiryen lafiya da noma da koyarwar Littafi Mai Tsarki a cikin waya, to yaya mutumin ƙauye zai same su ba tare da data ta cinye masa kuɗin cefane ba? Amsar a taƙaice ita ce, a sauke shirin a inda sabis yake da ƙarfi, a zo da shi gida a saurara. Amma akwai abubuwan da ya kamata a gyara a cikin wayar tukuna.

Dattawanmu sun san zamanin da ake kewaye akwatin rediyo da yamma ana laluben tasha a gajeren zango. Rediyon ELWA ya fara aiki daga Laberiya a 1954, Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, shirye-shiryen Muryar Bishara kuma ana haɗa su a Jos a watsa daga Addis Ababa ta ƙasar Habasha, har lokacin da gwamnatin soja ta ƙwace tashar a 1977. Rediyo ya yi mana aiki ƙwarai, har yau kuma yana yi. Matsalarsa ɗaya ce, ba ya jira. In an sa shirin da ya shafe ka kana gona, ko mace tana bakin rijiya, shi ke nan ya wuce. In mai magana ya faɗi sunan magani ba ka ji da kyau ba, babu halin ka ce masa ya maimaita.

Fodkas shiri ne irin na rediyo da aka ajiye a intanet, kashi-kashi, kowane kashi da ranar da aka fitar da shi. Sunan ya fara fitowa a 2004. Manhajar fodkas kuwa ita ce ɗan aiken da ke zuwa ya ɗauko maka sabon kashi ya ajiye a wayarka. Da zarar ya shigo, ba ka bukatar sabis ko data don ka saurara, ko sau goma ne.

Lissafin data

A nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗi. Akwai sauraro kai tsaye daga intanet, akwai kuma saukewa. Wanda yake saurare kai tsaye, duk lokacin da ya sake kunna shirin sai ya sake biya, in sabis ya yanke kuma maganar ta tsaya. Wanda ya sauke, sau ɗaya ya biya.

Murya ba ta da nauyi kamar bidiyo. Shirin minti 15 yakan ci tsakanin MB 7 da MB 15, gwargwadon yadda masu shirin suka tsara shi. Ke nan GB 1 zai iya sauko da irin wannan shiri fiye da 60, wato abin da zai ishi ikilisiya sauraro na wata biyu ko da kullum ake jin ɗaya. Wannan GB 1 ɗin, in yaro ya zauna kallon bidiyo a Facebook ko TikTok, yini ɗaya ma yana iya ƙarar da shi. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, wannan lissafi ya zama dole ga kowane mai gida. Kamfanonin waya suna sayar da datar dare da rahusa, ita ce kuma ta fi dacewa da wannan aiki.

Da wuya a sami ikilisiyar ƙauye a jihar nan da ba ta da wani nata a Fagge ko Sabon Gari. Wani ɗan ci-rani ne, wani yana dako a Kantin Kwari ko kasuwar Singa, wani mai gadi ne, wani ɗalibi, wani kuma ya rako mara lafiya Asibitin Ido na ECWA. A waɗannan unguwanni sabis yana da ƙarfi, abin da zai ɗauki sa'a guda a ƙauye ko ya ƙi saukowa gaba ɗaya, a nan cikin 'yan mintoci ne. Don haka duk wanda zai taho gida ƙarshen mako, kamar yadda yake riƙo gishiri da sabulu, haka zai iya riƙo shirye-shiryen mako.

Wace manhaja?

Wasu suna neman Google Podcasts domin ita suka sani a dā. An rufe ta a 2024, kada ku ɓata data wajen neman ta. Spotify ta shigo Nijeriya a 2021, tana da shirye-shirye da yawa, amma sai an buɗe asusu, kuma abin da aka sauke a cikinta a kulle yake, ba za a iya tura wa maƙwabci ba. Ga bukatarmu ta ƙauye wannan babban cikas ne.

Wadda muke ba da shawara ga masu wayar Android, irin su Tecno da itel da Infinix, ita ce AntennaPod. Kyauta ce, masu aikin sa kai ne suke kula da ita, ba ta sa tallace-tallace nata, ba ta neman lambar waya ko rajista, kuma tana barin mutum ya tura shirin da ya sauke zuwa wata waya. A Play Store za ku ɗauko ta. Rubutun cikinta da Turanci ne, saboda haka a ranar farko a nemi wanda ya yi sakandare ya zauna kusa.

Bayan an buɗe ta, akwai wurin nema mai alamar madubin ƙara girman rubutu. A rubuta sunan shiri a nan. Sashen Hausa na RFI, wanda ya fara aiki a 2007, yana da Lafiya Jari Ce, da Muhallinka Rayuwarka wanda yake yawan taɓo noma da kiwo da sauyin yanayi, da Ilimi Hasken Rayuwa. Jaridar Aminiya tana da Najeriya a Yau da Daga Laraba. In shiri ya yi muku, sai ku danna wurin yin rajista da shi. Wannan rajista ba ta kuɗi ba ce, sanar da manhajar ce kawai cewa ta riƙa duba muku sabon kashi. Kada a yi zari. Shiri uku ko huɗu sun isa a farko.

Littafi Mai Tsarki na sauraro da Hausa kuwa yana da nasa manhajojin, kamar Bible.is da YouVersion. Akwai kuma 5fish mai ɗauke da labaran Littafi Mai Tsarki da Hausa da wasu ƙananan harsunan Arewa. Ga tsofaffin da idonsu ya yi rauni da waɗanda ba su sami shiga ajin yaƙi da jahilci ba, wannan ba ƙaramin taimako ba ne.

Saita ta tun ranar farko

A nemi alamar ƙarfe mai haƙora kamar giyar keke, nan ne wurin saiti. Abu na farko, kuma mafi muhimmanci, shi ne wurin da ake faɗa wa manhajar abin da aka yarda ta yi da datar layin waya. A can akwai saukewa, da sauraro kai tsaye, da ɗauko hotuna, kowanne da ɗan akwatinsa. A cire alama daga sauraro kai tsaye da hotuna. Da an yi haka, in yaro ya danna shirin da ba a sauke ba, wayar za ta yi tambaya kafin ta taɓa data.

Akwai kuma saukewa da kanta, wato manhajar ta jawo kowane sabon kashi ba tare da an ce mata ba. An yi wannan ne domin mutanen da suke da Wi-Fi a gida. Mu da muke sayen data da awo, gara a bar shi a kashe, mutum ya zaɓi abin da yake so da hannunsa, ya danna kibiyar da take kallon ƙasa. Haka ma yawan duba sabon kashi, a sa shi sau ɗaya a yini, ko a kashe sai an bukata.

Sai wurin ajiya. Yawancin ƙananan wayoyinmu cikinsu ba shi da girma, hotunan biki da saƙonnin WhatsApp sun riga sun cika shi. In akwai memori a wayar, a zaɓe shi ya zama ma'ajiyar shirye-shirye. Manhajar tana iya goge shiri da kanta bayan an gama ji. Wannan yana da kyau ga labaran yau da kullum, amma ga shirin lafiya ko noma da za a kai wa jama'a, a kashe shi, in ba haka ba mai wayar zai ji a mota kan hanyar Rano, ya iso gida ya tarar babu.

Ana iya rage saurin magana ko a ƙara. Mutanen birni suna ƙarawa don su gama da wuri. A ganina, in da tsofaffi ake sauraro, ko likitan da ake hira da shi yana da saurin baki, a rage daga 1 zuwa 0.8. Akwai kuma madannin komawa baya da daƙiƙa 10, wanda ya fi kowanne amfani. A ce ana bayanin ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. In uwa ta juya awon, ta zuba gishiri da yawa, cutar da yaron za ta yi. A koma baya sau biyu, sau uku, har kowa ya iya faɗa da bakinsa. Masu sauraro a kan shimfiɗa kuma su sa agogon barci, minti 20 ko 30, don kada batir ya ƙare kafin gari ya waye, a sake biyan mai caji.

A duba rana, a duba mai magana

Kowane kashi yana da kwanan wata a jikinsa. A riƙa duba shi. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Wanda ya ji shirin bara ya ɗauka na bana ne, zai iya yin shuka a kan ruwan da ba zai ɗore ba, ya yi asarar iri da taki. Haka farashin hatsi, haka sanarwar rigakafi.

Wannan ne kuma ya raba fodkas da saƙon murya da ake ta turawa a WhatsApp. Shi fodkas an san gidan da ya yi shi, an san ranar, in an yi ƙarya akwai wanda za a kama. Saƙon murya kuwa ba uwa ba uba. Da yawanmu muna tune da watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, da aka tashi mutane da tsakar dare ta waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. An kwantar da mutane a asibiti, wasu sun rasa rayukansu, alhali babu likitan da ya faɗi haka. Mazauna Sabon Gari kuma sun san abin da jita-jitar rikici take jawowa: a rufe kasuwa, iyaye su ruga makaranta, a ƙauye kuma hankalin kowa ya tashi saboda 'ya'yansa da ke birni. Kada a haɗa irin waɗannan saƙonni a memorin ikilisiya. Wa'azi ma a tace shi. Ba duk mai ambaton sunan Yesu a intanet ne yake koyar da gaskiya ba, wasu lambar asusun banki suke karantowa daga farko har ƙarshe, wasu suna hana mara lafiya shan magani. Fasto ko mai bishara ya fara ji kafin a sa wa jama'a.

Kai shi ga waɗanda ba su da babbar waya

A jikin kowane kashi da aka sauke akwai wurin turawa. A zaɓi tura sautin kansa, ba adireshinsa na intanet ba, sai a aika ta Bluetooth ko Xender, babu data ko kaɗan. Ƙaramar waya mai madannai, in tana ɗaukar memori, za ta kunna shi. Haka 'yar sifikar nan da ake kira MP, wadda ake samu a shagunan Beirut Road da kasuwar Sabon Gari, wasu ma da ɗan faifan sola a bayansu. Wajen sayen memori a gwada shi a gaban mai shago, domin akwai na jabu da aka rubuta GB 32 a jiki amma ba ya riƙe ko kwatansa.

In za ku je wurin masu turi, ku ba su memori kawai, kada ku bar musu waya, musamman in akwai manhajar banki a ciki. Ku kuma duba abin da aka zuba kafin ya shiga hannun yara.

Abin da muke gani a ƙauyuka da dama shi ne, babbar waya tana aljihun maigida ko saurayi, shirin da ya shafi awon ciki da shayarwa da abincin yara kuma ba ya kai wa ga masu bukatarsa. Shi ya sa muke roƙon dattawan ikilisiya su bar zumuntar mata ta mallaki nata memorin da nata MP, a hannun ma'ajiyarsu. A ranar taronsu su ji shiri ɗaya na minti 15, a tsayar a tsakiya a yi tambayoyi, abin da ya shige duhu a rubuta a kai wa ma'aikacin lafiya na asibitin sha-ka-tafi mafi kusa.

Ikilisiyar da take so a nuna mata wannan saiti a aikace ta sanar da mu ta hannun fastonta. A ranar da za mu zo, a taho da wayoyi cike da caji, da memori ɗaya wanda babu komai a cikinsa.