Daga tekun Dakar zuwa tabkunan Damagaram: gansakuka mai guba

A cikin watan Nuwamba na shekarar 2020, masunta na Thiaroye, kusa da birnin Dakar, suka dinga dawowa daga teku da ƙuraje a fuska da hannaye, wasu har da zazzaɓi. Kafin a ankara, ɗaruruwan mutane sun kamu. Hukumomin Senegal suka dakatar da fita su na ƴan kwanaki, suka ɗebi ruwan teku da kifi domin awo. Aka zargi ƙwayar cuta, aka zargi dattin jiragen ruwa, kasuwar kifi kuwa ta faɗi, ko da yake hukuma ta ce cin kifin ba shi da illa. Cutar ta sake dawowa a 2021, jimillar waɗanda suka kamu ta haura mutum 1000.

Sai a watan Fabrairu na 2025 ne masanan Senegal da takwarorinsu na cibiyoyin Faransa, wato IRD da Ifremer da CNRS, suka bayyana mai laifin: wata gansakuka ce da ido ba ya gani, mai suna Vulcanodinium rugosum, wadda ke fitar da gubar portimine A, tana maƙalewa a taru, daga nan ta taɓa fatar masunci. Shekara huɗu ke nan da ɗoriya kafin a san sunan abokin gaba. Ita Faransa tun 1984 ta kafa tsarin REPHY, inda ma'aikata ke ɗibar ruwan gaɓar teku a kai a kai, da zarar guba ta wuce ƙa'ida sai a hana kama kawa da sayar da ita a wurin.

Mai karatu zai ce ina ruwan Badamagare da teku? To, ruwan daɗi ma yana da tasa gansakukar, wadda masana ke kira siyanobakteriya, kuma abin da take so duk muna da shi: zafin rana, ruwa kwance, da abincin da takin zamani da kashin dabbobi da ruwan wanki ke zuba mata. Duk wanda ya ga tabki a watan Afrilu, ya janye ya yi kore shar kamar an zuba fenti, ya ga gidanta. Iska kuma tana tura kumfar zuwa bakin ruwa, daidai inda shanu ke kafa baki.

Ba kowace ce mai guba ba. Matan Kanembu na ƙasar Cadi sun daɗe suna busar da dihe suna miya da shi. Matsalar ita ce ido ba ya rarrabewa, sai awo. A 2020 hukumomin Botswana sun ɗora mutuwar giwaye sama da 300 a kan irin wannan ruwa. A 1996, a garin Caruaru na Brazil, masu wankin ƙoda fiye da 50 suka rasu saboda gubar mikrosistin, mai lalata hanta. Tafasa ruwa ba ya kashe ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade mikrogiram 1 a lita guda ta ruwan sha.

A jahar Damagaram, inda ƙarancin ruwa tsohon labari ne, makiyayi da mai lambu ba su da zaɓin ƙin tabki. Tabkin Lasuri ya shiga jerin Ramsar a 2005, na Gidimuni a 2019, kuma kifinsu da kayan lambunsu kasuwanninmu suke zuwa. A ganinmu aikin bai fi ƙarfin jaha ba: ma'aikatan gandun daji da na kiwo su riƙa ɗibar ruwan manyan tabkuna daga Maris zuwa faɗuwar damina, Jami'ar André Salifou ta duba shi da madubin ƙara girma, abin da ya yi kama da haɗari a aika LANSPEX a Yamai, sakamakon kuma a sanar da masu gari da ardo-ardo ta rediyo.